ABIN DA KE SA BABUR YIN HARBI

Jawabi ga 'yan ajin yaƙi da jahilci da masu kabu-kabu na ƙasar Zuru

Jama'a, kowa ya san ƙarar nan da babur kan yi kamar an harba bindiga. Ba banza take fita ba, alama ce ta ciwo a cikin inji.

Injin babur yana aiki ne da fetur da iska, waɗanda kafireta ke haɗawa, wajen awo 15 na iska ga awo 1 na fetur. Fulogi ya ba da wuta, su ƙone cikin silinda. Idan ba su ƙone duka ba, sai ragowar ta gangara cikin salansa mai zafi ta fashe a can. Wannan shi ne harbin.

Abubuwa huɗu ne suka fi jawo shi. Na farko, ƙura. Wanda ke bin hanyar Ribah ko Mahuta lokacin hunturu, matatar iskarsa kan toshe, fetur ya yi yawa. Na biyu, datti ko ruwa cikin man 'yan bumburutu, wanda ke toshe kafireta har fetur ya kasa. Na uku, tsohon fulogi mai raunin wuta. Na huɗu, bawul da ba ya rufuwa sosai, ko gaskit ɗin salansa da ya huje iska na shiga.

Akwai kuma na ganganci. Wasu samari kan kashe makulli babur na gudu, sannan su kunna, don burge mutane ranar biki.

Illar ba kaɗan ba ce. Bawul kan ƙone, salansa ta tsage, mai ya riƙa tafiya a banza, ga shi ya yi tsada tun da aka janye tallafi a 2023. In harbin ya koma ta kafireta, gobara na iya tashi. Babbar illa kuwa ita ce firgita jama'a. Ƙasar Zuru ta sha wahalar 'yan bindiga, ƙara ɗaya a kasuwa tana iya sa a tattake yara da tsofaffi.

Saboda haka mai babur ya riƙa wanke matatar iska, ya sayi mai a gidan mai, ya sauya fulogi in ya gaji. Da ya ji harbi, ya kai wa bakanike tun gyaran bai yi tsada ba. Iyaye kuma su tsawata wa yaransu.

Allah ya kiyaye hanya, amin.