Jawabin magini: a yi shawara da rana da iska kafin a fara gini

An gama girbi, lokacin gine-gine ya zo. A garuruwan Madawa da Buza da Keita ana kwaɓa laka, ana buga birgi. Don haka aka gayyato wani tsohon magini ya yi ma ƴan makarantar yaƙi da jahilci jawabi bisa zafi da sanyi da iskar ɗaki. Ga abin da ya faɗa. Ana roƙon malamai su karanta shi tare da ɗalibansu.

Kuskuren da ya fi tsada

Bayan gaisuwa, magini ya ce mutum yakan yi shekara biyu ko uku yana tara kuɗin gini. Wani ya saida albasa, wani ya saida sa, wani ya tafi bida Najeriya ko Abijan. Ya dawo ya gina ɗaki, kowa yana yaba kyaunsa. Amma da bazara ta kama, sai ka ga mai ɗaki yana kwana waje, kayansa suna kwana ciki.

Ya ce a ƙasarmu, cikin watannin Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa. Cikin Disamba da Janairu kuma ɗari yana hana barci. Ɗaki na kirki shi ne wanda ya kare mai shi daga duka biyun.

Ya ce yawancin kurakuran ana yin su ne tun ranar da aka ja layin gini a ƙasa. A ranar nan, in an ga layi bai yi daidai ba, da ƙafa ake share shi, ba a biyan ko dala. In bango ya tashi, gyara sai da rushewa, sai da sabon birgi da sabon kuɗin magini. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ina ɗaki zai duba?

Magini ya ce kowa ya san rana tana fitowa gabas, tana faɗuwa yamma, amma ba kowa ke tunawa da haka ba wajen gini. Ranar safe tana dukan bangon gabas. Ranar la'asar, wadda ta fi zafi, tana dukan bangon yamma. Da tsakar rana kuwa tana bisa kai, rufi take duka.

Saboda haka a miƙe tsawon ɗaki daga gabas zuwa yamma. Gajerun bangaye su duba gabas da yamma, dogayen su duba kudu da arewa. Ƙofa da tagogi su kasance a dogayen bangayen. Ya ce wanda ya buɗe babbar taga yamma ya gayyato ranar la'asar ta zauna bisa gadonsa.

Ya ƙara da cewa hadarin damana daga gabas yake tasowa, da iska da ƙura. Shi ya sa bangon gabas yake rigan sauran zaizayewa. A ƙara masa kaurin yaɓe, kada a yi masa ƙofa. Hunturu yana busowa daga arewa maso gabas, don haka tagar arewa tana son marufi mai kyau. Iskar nan mai daɗi ta gabanin damana daga kudu maso yamma take zuwa, tagar kudu ce ke karɓar ta.

Bango

Ya ce bangon laka mai kauri yana da hali irin na randa. Zafin rana ba ya ratsa shi nan da nan. Yana shiga sannu sannu, sai dare ya yi sannan ya iso ciki, lokacin da ake iya buɗe tagogi ya fita. Da hunturu kuma wannan ɗumin ne yake taimakon mai barci. Kaurin da ya dace shi ne wajen kamu ɗaya, wato santimita 40 ko fiye. Wanda ya rage kauri don ya rage birgi, ya sayo ma kansa zafi.

Siminti, in ji shi, yana da wurinsa. Yana da kyau ga tushen gini da daɓe da bakin indararo. Amma birgin siminti siriri ne, zafi yana ratsa shi da sauri. Kuma yaɓen siminti ba ya kama bangon laka sosai. Yana tsagewa, ruwa ya shiga ta tsagar ya kasa fita, laka ta jiƙe daga ciki ba a gani ba, wata rana yaɓen ya zubo da ɓangaren bango. Yaɓen laka da aka kwaɓa da ciyawa ya fi aminci, muddin ana sabunta shi kafin damana.

Rufi

Magini ya daɗe bisa maganar rufi, don ya ce ta nan yawancin zafi yake shiga. Rufin shigifa, na azara da laka, yana da sanyi. Rufin ciyawa ma haka. Amma azarar giginya ta yi wuya, ta yi tsada, shi ya sa mutane suka koma ga tol, wato kwano.

Ya ce bai hana kowa sa tol ba, don ba ya son gyara kowace shekara. Amma da tsakar rana tol yakan yi zafin da hannu ba ya iya taɓa shi, kuma zafin yana sauka kai tsaye bisa kan mutane. Da dare cikin hunturu kuma ba ya riƙe ɗumi ko kaɗan. Wanda zai sa tol, ya kiyaye abu huɗu:

1. Ya ɗaga bango, ya kai mita 3 ko kusa da haka, don tol ya yi nisa da kai.
2. Ya yi rufi na biyu ƙarƙashin tol, na zana ko tabarma ko katako.
3. Ya bar ƙananan kafofi tsakanin tol da rufin na biyu, gefe da gefe, don iska ta ratsa ta kwashe zafin. A sa musu raga saboda jemagu da tsuntsaye.
4. Ya bar tol ya zarce bango da kamu ɗaya ko biyu, don ya yi ma bango inuwa, ya kare shi daga ruwa. A ɗaure shi da kyau saboda iskar hadari.

Ya ce farin fenti bisa tol yana rage zafi, don fari yana maida hasken rana, baƙi kuwa yana shanye shi.

Sannan ya ja hankalin jama'a ga gini ba icce. Wannan rufi ne na birgin laka zalla, mai siffar baka ko ta ƙwarya a kife. Asalinsa daga kudancin Masar ne. A Nijar an fara koyar da shi a 1980 a garin Cikal, wajen Filinge. Ba ya cin azara, ba ya cin tol, kuma ɗakin yana da sanyi. Amma ya yi gargaɗi: rufin yana da nauyi, yana tura bango waje. Sai maginin da ya koyi aikin zai yi shi. Kuma dole a duba yaɓen rufi da indararo kowace shekara.

Tagogi

Ya ce iska kamar baƙo mai kunya take: in ba ta ga hanyar fita ba, ba ta shiga. Ɗaki mai ƙofa ɗaya ba taga, iskarsa ba ta canzawa. A yi taga biyu masu duban juna, ɗaya kudu ɗaya arewa. Kuma tun da iska mai zafi sama take hawa, a bar ƙananan kafofi can sama kusa da rufi, ta nan za ta fita.

Ya ce wasu suna ƙin taga don tsoron ɓarawo da sauro. Maganin ɓarawo sandunan ƙarfe, maganin sauro raga da gidan sauro. Toshe ɗaki ba magani ba ne. Ya tuna ma jama'a cewa tarin fuka da ƙyanda da sanƙarau sun fi yaɗuwa inda mutane da yawa suke kwana cikin ɗaki rufe.

Ga yadda ake aiki da taga cikin bazara: a rufe ta da hantsi, don iskar waje ta fi ta ciki zafi. A buɗe ta bayan magariba har safe, don bango ya huce.

Ya ce itace ma cikin gini yake. Mutanen Majiya sun ga aikin layukan dogon yaro da aka fara shukawa a kwarinsu a 1975 don kare gonaki daga iska. Mutanen Keita sun ga miliyoyin itatuwan da aka shuka bayan an buɗe babban aikin raya ƙasarsu a 1984. Abin da itace ya yi ma gona, yana yi ma gida. A shuka shi yamma da ɗaki, amma a ba shi tazarar taki 5 ko 6 saboda saiwa.

Wutar ɗari

Nan magini ya roƙi kowa ya saurara da kyau. Ya ce gawayin da ke ci cikin ɗaki rufe yana fitar da wata iska mai guba. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana fara sa ciwon kai da jiri da amai. Mai barci kuwa ba ya jin komi, yana iya wucewa cikin barcinsa, shi da iyalinsa. Don haka kada a kwana da kaskon wuta cikin ɗaki. A ɗumama ɗaki taga tana buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta. In an tarar da mutum ya galabaita, a fitar da shi waje nan take, a kai shi gidan likita. Injin bada wutar lantarki mai shan mai ma irin gubar nan yake fitarwa, wurinsa waje ne.

Tambayoyin jama'a

Wata dattijuwa ta ce: "Malam, mu mata hayaƙin madafa ya dame mu. Ido yana ruwa, ƙirji yana ciwo."

Ya ce: "Inna, maganarki gaskiya ce. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin girki cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3 a duniya. Mata da yaran da suke goye su suka fi shaƙar shi. A yi madafa dabam da ɗakin kwana. A bar mata babbar kafa a sama, daidai kan murhu, da wata a ƙasa. Murhun laka mai tsimin icce yana rage hayaƙi. In ba ruwa ba iska, girki ƙarƙashin rumfa ya fi."

Wani manomin albasa ya ce: "Baba, ƙungiyarmu tana son ta gina magazin na siminti da tol don ajiyar albasa. Mi ka gani?"

Ya ce: "Ɗana, albasa tana da rai, tana numfashi, tana fitar da laima. In laimar ba ta samu hanyar fita ba, albasa ta ruɓe. Dubi rudun kakanninku. An ɗaga shi daga ƙasa, jikinsa kara ne da ciyawa, iska tana shiga ta ƙasa tana fita ta sama. In za ku gina babba, ku bi wannan dabara. Ku yi kafofi ƙasa da sama. Ku yi gadaje na kara hawa hawa, kada ku tula ta wuri ɗaya. Ku bar ta ta bushe a inuwa kafin ku shigar, kuna tsince ruɓaɓɓu a kai a kai. Kuna ajiye ta ne don ku jira ta yi kuɗi. Magazin da ba iska zai cinye ribar, ya haɗa da uwar kuɗi."

Wani saurayi ya ce: "Baba, yanzu ai akwai fanka da na'urar sanyaya ɗaki, ga kuma wutar hasken rana."

Ya ce: "Fanka ba ta sanyaya iska, motsa ta kawai take yi. In iskar ɗaki ta yi zafi ƙwarai, ita za ta huro maka. Na'urar sanyi kuma, in an sa ta ƙarƙashin tol ba rufi na biyu, ba ta hutawa, tana cin wuta da yawa, tana saurin lalacewa. Ranar da wuta ta ɗauke, sai ka koma ga abin da magini ya gina maka. A fara gyara gini, sannan a sayi na'ura."

Abin koyi yana kusa

Magini ya ce ba sai an tafi nesa ba. Cikin jaharmu ta Tawa, a garin Yama, Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da laka a 1962. A 1986 masallacin ya samu kyautar Aga Khan, wadda ake ba gine-ginen da suka yi fice a duniyar Musulmi. A Dandaji kuma, a 2018, an gama sabon masallaci da birgin jar ƙasa da aka matse da inji. Cikin masu zanensa akwai Mariam Kamara, ɗiyar Nijar. An tsara shi yadda iska za ta ratsa shi da kanta. Tsohon masallacin lakar garin aka gyara ya zama ɗakin karatu. Ya ce wanda ya ce laka ginin talaka ce, ya je ya gani.

Kafin a fara

Daga ƙarshe ya yi kira ga kwamitocin iyayen yara da na gidan likita. In za a gina aji ko ɗakin haihuwa a garinku, ku nemi a nuna muku zanen tun da wuri. Yanzu kun iya karatu, kuna da bakin tambaya. Ɗiyanku ne za su zauna cikin ajin da tsakar rana, matanku ne za su kwanta cikin ɗakin. Ya ce kowa ya rubuta tambayoyin nan cikin littafinsa:

Ina dogon bango ya duba?
Kaurin bango nawa ne?
Mi ke tsakanin tol da kan mutane?
Ta ina iska za ta shiga, ta ina za ta fita?
Ina hayaƙi zai bi?
Wa zai riƙa gyaran rufi da yaɓe kafin damana?

Ya ce in magini ya kasa amsa ɗaya daga cikinsu, a dakata da aiki har a samu amsa. Kwana biyu na shawara ba su kai shekara 20 na kwanan waje ba. Ya yi ma jama'a fatan Allah ya ba su ikon gamawa lafiya.