Jawabi Kan Cimar 'Yan Dako Da Samarinmu Masu Motsa Jiki

  

An ce mu 'yan kasuwar hatsi mu ɗan yi magana a kan abinci, tunda mu ke auna shi safe da yamma. Abin da ya jawo maganar kuwa wata gardama ce da ta ƙi ƙarewa tsakanin samarinmu na nan Sabo, masu ƙwallo da masu ɗaga ƙarfe. Wasu sun ce in ka ci nama ko ƙwai ba ka bi shi da lemon kwalba ko burodi ba, to ya tafi a banza, jiki ba zai tsotse shi ba. Wasu kuma sun ce tuwo da shinkafa su ke kawo teɓa, sun yi musu yaji, suna zuba kuɗinsu a garin gwangwani mai tsada. To, 'ya'yanmu, ku saurara.

Abinci mai gina jiki, wanda 'yan boko ke kira furotin, shi ne nama, kifi, ƙwai, nono, wake, gyaɗa da waken suya. In ya shiga tumbi, ruwan tsamin ciki ya fara warware shi, ƙaramin hanji ya ƙarasa farfasa shi zuwa 'yan ƙananan gutsattsari da ake kira amino asid, daga nan su shiga jini. Iri 20 ne, 9 daga ciki jiki ba ya iya haɗa su da kansa, sai an ci. Wannan aiki hanji na yin abinsa ko da tuwo ko babu. Masana sun gwada a kan masu motsa jiki a 2007 da kuma 2011, suka ga in mutum ya sami isasshen furotin bayan wasa, ƙara masa sukari a kai bai ƙara ginin tsoka ba. Saboda haka masu lemon kwalba, kuɗinku kawai kuke ba mai shago.

Amma kada masu ƙin tuwo su yi dariya, don nasu kuskuren ya fi tsada. Sitacin da ke cikin gero, dawa, masara, shinkafa, doya da rogo shi ne itacen murhun jiki. Yana komawa sukari a cikin jini, jiki ya ƙona wani, ya ajiye wani. Rumbun ajiyar kuwa ƙarami ne: kimanin giram 400 a tsoka, kimanin giram 100 a hanta. Ɗan ƙwallon da ya yi minti 90 yana gudu, ko ɗan dakon da ya yini yana sauke buhuna a Bodija, ya kwashe kaso mai yawa na rumbun nan. In ba a mayar ba, jiki ba ya jira. Sai ya juya kan naman da ka ci, har ma da tsokar jikinka, ya mai da su sukari ya ƙona. Mu 'yan kasuwa mun san sunan wannan, cin uwar kuɗi ke nan. Ka sayi tsire da tsada, jiki ya yi makamashi da shi, aikin da malmalar tuwo ɗaya za ta yi. Banda haka, cin sitaci na sa jiki ya saki sinadarin insulin, shi kuwa yana rage zaizayewar tsoka bayan wahala.

Yanzu bari mu zo inda abin ya fi ci mana rai. Samarin ƙarfe ko sun yi kuskure suna da na saye. Yaran da ke zuwa mana ci-rani daga gida fa? Yaro ya taso da fura da nono, da tuwon dawa da ɗan wake, ya iso Kurmi ya tarar garin rogo ya fi komai araha. Safe gari da sukari, rana gari, dare teba. Ciki ya cika, ƙarfin ɗaukar kaya na nan na ɗan lokaci, amma bayan wata uku sai ka ga wuya ya zube, ciwo kaɗan ya kwantar da shi. Dalili kuwa, a giram 100 na garin rogo furotin bai wuce giram 1 zuwa 2 ba. Gero da dawa na da wajen 10 zuwa 11. Busasshen wake ya haura 20, gyaɗa wajen 25, waken suya ya haura 35. Kun ga tazarar.

Nawa ake bukata? Baligi mai zaman shago, kimanin giram 0.8 a kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai wasa sosai, masana sun ce 1.2 zuwa 2. Wato saurayi mai kilo 60 yana neman giram 72 zuwa 120. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, ku yi lissafi, dozin guda kafin a kai ƙaramin adadin. Wa zai iya a wannan zamani? Shi ya sa muke cewa a koma wa wake, kuma a rarraba shi safe, rana da dare, kada a tara a ci ɗaya.

Iyayenmu mata sun riga masana gano wani abu. Hatsi na da ƙarancin ɗaya daga cikin taran nan, ana ce masa laisin, wake kuwa na da shi da yawa. Abin da wake ya gaza a kai, hatsi ya cike. Garau-garau, koko da ƙosai, fura da nono, duk haɗin nan ne. Ko garin rogon ma, in an daka ƙuli-ƙuli an zuba, an yi kwaɗo, ya tashi daga matsayinsa na da. Awara kuma ga ta nan a bakin titi.

Mai ciwon sukari ko ciwon ƙoda, wannan lissafi ba naka ba ne, ka bi abin da likitanka ya tsara maka.

Roƙonmu ga iyayen gida masu yara a rumfa da masauki shi ne, a riƙa sa mudun wake a cikin cefanen yaran nan, a rage kuɗin lemo. Mu na layin hatsi mun yi shawara, duk maigidan da ya zo auna wa yaransa wake, za mu sassauta masa. Sakatare, a rubuta sunayen masu so bayan an tashi.