Matsayin Gwajin Ƙanjamau Ga Ɗalibai Musulmi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa ɗalibai, an fara bayyana cutar ƙanjamau a Amurka a 1981, aka kuma sanar da ɓullarta a Najeriya a 1986. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar a ƙasar nan. Wannan ƙwaya takan zauna shekaru a jikin mutum yana ganin kansa lafiya lau, saboda haka babu hanyar saninta sai gwaji.

Waɗansu suna cewa neman gwaji raunin tawakkali ne. Wannan kuskure ne. Sayyidina Umar (R.A.) ya juya daga hanyar Sham da ya sami labarin annoba, ya kuma bayyana cewa guje mata yana cikin ƙaddarar Allah. Kiyaye rai da zuriya suna cikin manyan manufofin Shari'a, gwaji kuwa sababi ne na kiyaye su.

Waɗansu kuma suna ɗaukar cewa duk mai zuwa gwaji mazinaci ne. Lallai zina babbar ƙofar cutar ce, kuma Allah Ya hana ko kusantarta a Suratul Isra'i. Amma ana ɗaukar cutar ta ƙarin jinin da ba a tantance ba, da allura ko askar da aka yi tarayya a kanta, kuma jariri kan ɗauka daga mahaifiyarsa. Suratul Hujurat ta hana mummunan zato da bin diddigin mutane da giba. Dokar ƙasa ta 2014 ma ta haramta nuna wa masu cutar bambanci.

Ku sani, a asibitin makaranta ko na gwamnati ana yi wa mutum nasiha kafin gwaji da bayansa, kuma sakamakon amana ne a wuyan ma'aikaci. Gwajin gaggawa yana iya kasa gano ƙwayar har kusan wata 3 bayan shigarta, don haka akan maimaita. Wanda aka same shi da ita kada ya yanke ƙauna. Maganin da ake bayarwa ba ya warkarwa, amma yana danne ƙwayar har mai shansa kullum ya rayu cikin ƙoshin lafiya, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya lafiyayyu.

Da yawanku kuna gab da aure. A 2024 Jihar Kano ta wajabta gwaji kafin ɗaurin aure. Mumini kuwa ba ya jiran doka, domin ɓoye wa 'yar mutane irin wannan ciwo ha'inci ne da za a tambaye shi a kansa ranar Alƙiyama.

Allah Ya kare mu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.