Jawabi a Taron Ƙungiya Kan Tsohon Keken Dukanci da Muka Tayar

 

An ce mu tashi mu yi wa jama'a bayanin wannan baƙin ƙarfe da kuke gani a gaban tebur, tunda da kuɗin ƙungiya aka saye shi, wasu kuma sun yi ta tambaya ko me za mu yi da tarkace. To, haƙƙinku ne ku ji.

Kowa ya san jirgin ƙasa ne ya tara mu a garin nan. A 1927 Kafanchan ta zama mahaɗa, layin Fatakwal zuwa Kaduna ya haɗu da na Jos, sannan fadar Sarkin Jama'a ta dawo nan a 1933. Kakanninmu suka biyo dogo daga Kano da Zariya da Katsina, wasu da fatauci, wasu da sana'ar hannu. Cikinsu har da dukawa, domin ma'aikacin reluwe ba ya rabuwa da babban takalmi, takalmi kuwa ba ya rabuwa da yagewa. Wannan keke na wani dattijo baduku ne da yawancinmu muka taso muka tarar a kasuwa, Allah ya jiƙansa. Lokacin da kasuwa ta ƙone a watan Afrilu na 2011 an samu an jawo keken daga cikin toka, aka jingine shi a zaure, ɗigar ruwa ta yi ta zuba a kansa shekara da shekaru. Da mai shi ya rasu, magada suka kira 'yan gwangwan za a ɗora a sikeli. Nan muka shiga tsakani. Muka biya fiye da kuɗin kilo a gaban shaidu, don akwai marayu cikin gadon, ba mu son a ce mun ci da rashin saninsu.

A jikinsa an rubuta Singer 29K. Harafin K ɗin nan yana nufin Kilbowie, wato masana'antar kamfanin da ke Clydebank a ƙasar Sikotilan, wadda aka rufe a 1980. Ke nan ko ba a duba lambar jikinsa ba, ya haura shekara 40 nesa ba kusa ba.

Mu yi muku bayanin bambancinsa da keken tela, don a nan darajarsa take. Keken tela yana da faffaɗan tebur, haƙoran da ke jan yadi kuma suna ƙasa, gaba ko baya kawai suke ja. Wannan kuwa dogon hannu gare shi siriri, wanda ake zura wa takalmi har ya kai wajen yatsu. Ƙafar da ke danne fata ita ce mai haƙora, ita ke ja, kuma ana juya ta duk inda aka so, gabas ko yamma, ba tare da an juya takalmin ba. Kun gane ko? Inda baduku zai yi rabin awa yana fama da basilla, shi minti kaɗan ne. Ba ruwansa da wutar lantarki, ko a murza da hannu ko a taka da ƙafa. Amma fa kada a yi masa ƙarya: ba ya ɗinka tafin takalmi mai kauri, na sama ne aikinsa, faci da maɗauri da zif ɗin jaka da rigar kujerar babur. Kwarkwaronsa ma ɗan mitsitsi ne, zare ba ya daɗewa ya ƙare.

Ranar da muka kawo shi ko motsi ba ya yi, tsatsa ta cinye ko'ina. A nan muka tafka kuskuren farko, gara mu faɗa da bakinmu. Gaggawa ta sa ɗayanmu ya ɗauki guduma ya buga, sai ƙafar teburin ta ɓalle ƙas. Ashe ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, karyewa yake kamar tukunyar ƙasa. Muka kai wa wani mai walda ya liƙa da wayar walda ta kullum, kafin mu iso gida wurin ya sake tsagewa.

Wanda ya fitar da mu kunya maƙwabcinmu ne, wani dattijo Bajju da ya yi ritaya daga gyaran injuna a reluwe. Ya ce irin wannan ƙarfe sai an gasa shi tukuna, a yi waldar da wayar da aka yi dominsa, sannan a binne cikin yashi ko toka mai zafi ya huce a hankali. Haka aka yi, ga ta nan ta riƙe. Shi ne kuma ya hana mu guduma, ya ce kananzir da haƙuri. Muka jiƙa kan keken kwana da kwanaki, kullum a ɗan girgiza, har ranar da ya juya da kansa. Kowane noti aka kwance sai a sa shi cikin gwangwanin madara a rubuta inda ya fito. Wallahi mutumin nan bai karɓi ko sisi ba, sai goro da muka tilasta masa. Mun faɗi wannan ne don yaran da ke bayan ɗaki, waɗanda suka taso ba su ji komai game da maƙwabta ba sai labarin 1987 da na 2011.

Bayan an goge da burushin waya da samfefa mai laushi, sai aiki na gaske ya fito. Wuta ta kashe duk sifirin ɗin da ke ciki, sun yi laushi, dole aka sauya. A cikin dogon hannun akwai 'yan sandunan ƙarfe masu haƙora da ke juya gidan kwarkwaro, sun ci sun yi sako-sako, shi ya sa yake tsallake ɗinki. Wani Inyamuri mai sayar da kayan keke ya samo mana irin na Sin, aka ɗan goga da magagari suka zauna. Saura matsala guda da ba mu gama da ita ba. Sabon irinsa yana iya yin ɗinki 5 a inci ɗaya, namu kuwa ɗinkin ya matse ƙwarai, domin ƙarfen da ke tura ƙafar ya side. Dattijon ya ce zai saka masa ɓallin tagulla a cike gurbin. Allurarsa ta fata, mai lamba 29x4, ita ma sai an aika Kaduna ko Jos.

Wasu sun ce me ya sa ba mu sayi sabo ɗan Sin ba, tunda da arha. Gaskiya ne yana ɗinki, ba mu kushe shi ba, kuma duk wanda ƙarfinsa ke nan ya saya. Amma ku zo ku murza wannan ku ji yadda yake tafiya sumul, sannan mu yi magana.

Yanzu ga abin da ya fi damunmu. Keke ya tashi, mai hawa babu. Yaranmu sun ɗauki dukanci abin kunya, gara su hau acaɓa, alhali baƙin yara da ke yawo da akwati suna ƙwanƙwasawa su ne ke kwashe kuɗin gyaran takalman gidajenmu. Dukawa biyu ne suka rage cikinmu da suka san irin wannan keke, dukansu ido ya fara rauni, kuma sun yarda za su koyar kyauta. Muna neman yara biyu daga Islamiyyar unguwa, su zo bayan an tashi karatu, da amincewar iyayensu. Muna kuma roƙon wanda ke da ɗan lungu a gaban shagonsa ya ara mana. Duk gidan da ke da tsohon keke a zaure ko bayan ɗaki, don Allah kada a ba 'yan gwangwan sai an sanar da sakatare mun je mun duba.

Bayan an shafa fatiha za a kawo keken bakin ƙofa. Wanda takalminsa ya yage ya miƙo, yau babu kuɗi.