In Bis ɗin Fitilar Mota Ya Cije

Hirarmu ta yau da direbobi ce da yaran garaji. Za mu yi magana bisa wani ɗan ƙaramin ƙarfe, wato bis, wanda wasu ke kira sukuru.

Duk wanda ya bi babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram da dare ya san haɗarin mota mai ido ɗaya. Daga nesa sai a ɗauka babur ne, ba a ba ta hanya yadda ya kamata. Sau da yawa gyaran ba shi da wuya, gidan fitilar kawai za a ciro. Amma bis ya cije, sai direba ya ce a bari sai gobe.

Me ke sa bis ya cije? Tsatsa ce. Ruwan damina da na wankin mota suna shiga tsakanin haƙoran bis, su haɗu da iska, ƙarfe ya yi tsatsa. Ita tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci cika wuri, sai ta matse bis cikin raminsa. In ka sa ƙarfi, kan bis ya lalace, ko kunnen gidan fitilar ya karye. Ka ga maimakon bis ɗaya, fitila sukutum za ka saya.

To, ga yadda za ka yi.

Na 1. Kashe mota, ka cire wayar batir ta wajen alamar ragewa. Ka duba da kyau: akwai bis masu riƙe gidan fitila, akwai na daidaita haske. Na daidaita haske kada ka taɓa su.

Na 2. Sa allura ka sakace ƙura daga kan bis. Zuba man kwance tsatsa irin su WD-40. In babu, gazuwal ma yana taimako. Ka jira minti 15 ko fiye. Kada ka zuba man birki, yana cin fenti da roba.

Na 3. Zaɓi turnabis da ya zauna daram. Akwai mai baki ɗaya, akwai mai gicciye, akwai mai tauraro mai tsini 6. In yana rawa cikin kan bis, ba nasa ba ne, ka sake wani.

Na 4. Kafa turnabis, ka buga gindinsa da guduma sannu, sau 3 ko 4, don tsatsar ta farfashe. Wannan sai inda bis ya shiga cikin ƙarfe. In cikin roba yake, kada ka buga.

Na 5. Danna da ƙarfi, ka murɗa a hankali. Fara ɗaurewa kaɗan wajen dama, sannan ka kwance wajen hagu. In ya motsa ya tsaya, ƙara mai, ka yi ta kai da kawowa.

In kan bis ya riga ya lalace fa? Shimfiɗa ɗan yankin robar tsohon tib a kansa, ka danna turnabis. In bai yi ba, sa zarton ƙarfe ka tsaga layi ɗaya a kan, ka kwance da turnabis mai baki ɗaya. In kan ya fito waje, kama shi da awartaki. In duk sun gagara, kai wa mai injin huda ƙarfe.

Wuta kuwa, ku kiyaye ta. Fitilun tsofaffin Fijo 404 da 504 gilashi ne da ƙarfe. Na mafi yawan motocin yanzu roba ne, zafi yana narka su.

Wajen mayarwa, sa sabon bis, ka shafa wa haƙoransa ɗan giris. Kada ka taɓa gilashin ƙwan halojin da yatsa, maiƙon hannu yana rage masa kwana. Da almuru ka haska bango, ka ga ko idanun biyu sun daidaita.

Ƴan uwa, sannu ba ta hana zuwa. Minti 15 na jiran mai sun fi kuɗin sabuwar fitila sauƙi. Allah ya kiyaye hanya. Sai mako mai zuwa.