Zafi Ɗan Aike Ne

Jama'a, tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, manoman Kura da Bunkure ba su rabuwa da gona, rani da damina. Wanda ya wuni cikin shinkafa ba takalmi kuwa, ba ya rasa taka ƙaya.

Ga yadda abin ya ke. Cikin fata akwai bakunan jijiyoyi ƙanana. Da ƙaya ta soki ƙafa, sai su aika da labari zuwa laka, watau igiyar nan ta cikin ƙashin baya. Nan take laka ta kan sa ƙafa ta janye. Sa'an nan labarin ya hau ƙwaƙwalwa, can ne a ke jin zafin.

Jijiyoyin iri biyu ne. Masu sauri su kan yi mita 30 a sakan guda, su ke kawo sukar farko. Masu nawa ba su wuce mita 2, su ke kawo zugin da ke biyowa.

To, kuturta da ciwon sukari su kan kashe jijiyoyin nan. Sai mutum ya taka ƙusa, ya ci gaba da aiki bai sani ba, har miki ya ruɓe. Yawanci haka kutare ke rasa yatsu.

Saboda haka, wanda ya ga tabo a jikinsa, in an taɓa ba ya ji, ya hanzarta zuwa asibiti. Tun 1995 maganin kuturta kyauta ne. Mai ciwon sukari kuwa ya riƙa sa takalmi, ya duba tafin ƙafarsa kullum da maraice.