Tsohon Ciwo da Sabon Ciki



Fagena harshe ne, saboda haka ta ƙofar suna zan shiga. A Boɗinga da Shagari, kamar sauran ƙasar Hausa, idan mai ciki ta faɗi tana karkarwa, sai a ce jijjiga ce, wasu kuwa su ce iska ta taɓa ta. Sunan farko yana iya kai ta asibiti, na biyu wurin mai hayaƙi yake kai ta. Alhali sau da yawa tushen abin hawan jini ne, wanda wata ta daɗe da shi tun kafin ta ɗauki ciki, ba a taɓa aunawa ba. Jini in ya kai 140 bisa 90 ya hau. Yakan ƙuntata jijiyoyin da ke kai abinci ga mabiyiya, sai ɗan tayi ya tsumbure, ko a haifi bakwaini, ko ya zo babu rai. Gwajin da aka buga a 2002 ya nuna allurar maganiziyam salfet tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi.

Ciwon sukari kuwa kumbura jariri yake yi har naƙuda ta gagara. Mai amosanin jini ciki yakan tsananta mata ciwon ƙashi da ƙarancin jini.

Mu dubi zuciya. A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun ɗora laifin gazawar zuciyar masu jego a kan kunun kanwa da wankan jego. Binciken baya-bayan nan, wanda Farfesa Karaye na Kano ya jagoranta, ya fi karkata ga rashin sinadarin seleniyam da rashin abinci mai gina jiki. A nan Sakkwato, rahoton Isezuo da Abubakar na 2007 ya sami mace guda cikin kowace haihuwa 102 da wannan cuta a asibitin koyarwa.

Abin da ya fi damuna kunya ce. Mai cikin fari ba ta faɗin cikinta, balle kumburin ƙafarta, sai ta tafi goyon ciki gidan iyaye. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a je awo sau 8, na farko cikin makonni 12. A daidai wannan lokaci, a gidajenmu, sau da yawa ko surukarta ba ta ji labari ba tukuna.